Tsokar da Ake Aiko wa Yayana

A layinmu na Gomari namiji ba ya cin abincin dare a ɗakinsa sai in ciwo ne ya kwantar da shi. Ana idar da sallar magariba kowane gida zai fito da kwanonsa, a jera a kan tabarma ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidan Baba mai shinkafa, a zauna a ci tare. Da wanda gidansa ya yi burabisko da nama, da wanda ya yi tuwo da miyar kuka tsura, duk hannu ɗaya ake sawa. Haka na taso na tarar, kuma ko a shekarun da gari ya rikice, dokar hana fita ce kaɗai ta taɓa naɗe tabarmar nan. Na fara da wannan ne don a san abin da aka raba yayana da shi. Kuma ba bindiga ce ta raba shi da shi ba, fim ne da bakin mutane, shi ya sa har yau abin yake ci mini rai.

Yayana mai wankin hula ne. Kafin abin ya faru, ƙofar gidanmu kullum cike take da huluna, an kifa su a kan gumagumai suna shan rana, kuma har daga Umarari ake kawo masa aiki saboda ba ya ɓata zare. A shekarun da yaran nan suka addabi gari (mu a nan ba ma kiran sunansu, yaran nan muke cewa) wata safiya aka kewaye unguwa, aka ce duk namiji ya fito ya zauna a rana. Aka zaɓi waɗanda aka zaɓa, aka loda a mota, har da shi. Ni lokacin ina karatu a Kano, abin da ya cece ni ke nan. Ya bar 'yarsa a goye, ya dawo ya same ta da jakar makaranta. Ba a kai shi gaban alƙali ba, ba a faɗi abin da ya yi ba. Ranar da aka sake shi cewa aka yi an bincika ba shi da laifi, ya je ya yi haƙuri. Ya dawo yatsu biyu na hannunsa na dama a ƙage, ba sa lanƙwasuwa.

Da ya dawo, sai ya shige ɗaki. Ba ya kuka, ba ya faɗa, ba ya ba da labari. In jirgi ya tashi daga filin da ke bayanmu, sai ya dafe bango har ƙarar ta wuce. Matarsa ta ci gaba da fitar da kwanon gidansa kamar yadda ta yi duk shekarun da ba ya nan, ni nake ɗauka in kai, shi kuma a zuba masa nasa ya ci shi kaɗai kamar mai jego. Mun yi rubutu, mun yi asibiti, mun yi lallashi, duk a banza.

Baba mai shinkafa ne ya fito da shi. Shi ne dattijon layin, Babarbare ne mai gona a Zabarmari, kuma shi ma an tafi da babban ɗansa 'yan makonni bayan yayana, daga hanyar gona aka ɗauke shi, har yau babu shi babu labarinsa. Tsohon nan kullum kafin magariba sai ya dogara sandarsa ya zo ƙofar gidanmu ya tsaya.

"Wushe, wushe, masu gida. Ina tadanyi?" Wato sannu, ina ɗana, da yarensu.

In ce masa, "Yana ciki, Baba, yana gaishe ka."

"To ka ce masa wurinsa yana nan, ban ba kowa ba."

Haka ya yi ta sintiri, zafi ya wuce, damina ta wuce, bai gaji ba. Rannan sai ga yayana ya fito da hula a kai. Wallahi sai da na juya baya na goge ido. Baba ya zaunar da shi a damansa, kuma daga ranar, duk kwanon da aka buɗe in da nama a ciki, sai ya sa yatsa ya turo tsoka gaban yayana ya ce, "Ci. Nawa bai dawo ba, kai ka dawo, kai ne nawa." Yayana ya sunkuyar da kai ya ci. Ni a lokacin na ɗauka kunya ce irin ta yaro gaban babba. A hankali ya fara karɓar huluna kaɗan kaɗan yana wankewa da hagu, har ya kai yakan yi murmushi in an yi abin dariya. Duk gidanmu a kan wannan zaman na magariba muka ɗora fatanmu.

To sai ga fim. Telan layinmu ya sa sola a shagonsa, ya sayi talabijin, ya zama duk Asabar sai ya je wurin masu tura finafinai ya karɓo sabon kashi na wani dogon fim na ƙasar waje, a kunna bayan la'asar. Labarin wani jami'i ne mai farautar masu tayar da bam a wani birnin Turawa. An fassara shi da Hausa, da muryar wani ɗan iskan mai fassara da ba ya iya barin magana ta wuce bai sa mata barkono ba. Mutanen layi suka sa wa jarumin suna Oga. Ni ma ina kallo, ba zan ɓoye ba, fim ne mai jan hankali. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mu da muka kwana a ƙarƙashin gado saboda ƙarar gaske, mu ne muke cewa tela ya ƙara sauti in ta ƙarya ta tashi. Yayana yakan zo ya zauna can baya a kan benci yana jiran kiran salla, ba ya cika ɗaga kai ba.

A kashin da nake magana a kai, an dasa bam a tashar jirgin ƙasa, lokaci yana ƙurewa. Aka kamo wani direban tasi da aka ce ya taɓa ɗaukar mai bam ɗin. Oga ya shiga ɗaki da shi, ya kulle ƙofa, ya kashe kyamara, ya kama hannun mutumin ya shimfiɗa a kan tebur, ya ɗauko guduma. Mai fassara ya kwarara murya ya ce, "Yau kashinka ya bushe, ɗan nema, za ka yi bayani!" Shago ya ɗauka da dariya. Aka buga yatsa na farko, aka buga na biyu, direba ya faɗi suna da lambar gida. Aka je aka ɓalle ƙofa, sai ga mai bam zaune da wayoyinsa a hannu, kamar wanda aka ce ya jira. Aka ceci tasha, aka nuna wata yarinya ta rungume uwarta, kiɗa ya tashi. Direban kuwa ba a sake nuna shi ba, ko a yi masa sannu. Na waiga baya, na ga yayana ya sa hannun damansa a cikin aljihu. Daidai nan ladan ya kira salla, na ce Allah na gode, abin ya wuce.

Ashe bai wuce ba. Ana buɗe kwanuka aka buɗe sharhi. Mai kemis ne ya fara, mutumin da duk shekarun wahala yana Abuja a gidan surukansa, sai da ƙura ta lafa ya dawo mana da tumbi da ra'ayi.

"Kai, wannan shi ne aiki! Tun da aka fara fim ɗin nan ba a yi kashi mai daɗin na yau ba. Ai da haka aka yi mana a nan tun farko, da abin bai kai inda ya kai ba. Ruwa ba ya tsami banza. Duk wanda ka ga an damƙe, to da walakin."

Na dube shi, na dubi yayana da ke zaune kamu biyu da shi. Mai kemis ko a jikinsa. Dokin mai baki ya fi gudu, ya ci gaba da zuba yana cika baki da burabiskon gidanmu.

Mai napep ya ce shi bai yarda ba. Na ɗauka Allah ya kawo mai hankali, ashe ƙorafinsa direban ya cika raki. "Yatsa biyu kawai, ya zube? Wallahi ƙaryar fim ce. Ɗan ta'adda na gaske ko hannun za ka cire ba zai yi magana ba, sun sha ruwan karatun da ke taurare musu zuciya." Malamin Islamiyya ya gyara zama ya ce a shari'a dai azabtarwa ba ta halatta ba, amma fa akwai larura, ran mutum dubu da yatsa biyu ai ba a haɗa su. Tela ya zaro waya yana karanto mana abin da 'yan zauren masu kallo suka rubuta: wani ya ce Oga namijin duniya, wani ya ce an ɓata lokaci, da tun farko ido aka nufa, wata ta ce ita kiɗan ƙarshen ne ya sa ta hawaye. Babu ko ɗaya da ya tambayi abin da na zauna ina jira a tambaya, wato in da aka ɓalle ƙofar nan tsohuwa aka tarar tana tankaɗe fa? A fim ba a taɓa ɓalle ƙofar da ba ita ba. Mu kuwa a layin nan akwai gidan da ba a ɓalle ba?

Musu ya tsaya a kan abu ɗaya: mai kemis ya ce duk wanda aka matsa sai ya faɗa, mai napep ya ce ba kowa ba.

A majalisarmu akwai wata al'ada: ba a barin musu ya kwana, miƙa shi ake yi ga mai abin. In maganar hanya ce, mai napep ne alƙali. In ta addini ce, malam. In ta ciwo ce, mai kemis. In ta ruwan sama ce ko farashin hatsi, Baba. Abin da mai abin ya faɗa shi ke nan, an rufe. Girmamawa ce, domin mutumin da ba a taɓa miƙa masa magana ba, zaman 'yan rakiya yake yi. Yayana kuwa tun da ya dawo tabarma ba a taɓa tambayarsa komai ba. Na san tela, ba mugu ba ne, yana cikin waɗanda suka yi kuka ranar da yayana ya dawo. Gani ya yi yau dai ga maganar da ta faɗo a fagen bawan Allahn nan, bari a ba shi girmansa. Ya ɗaga hannu yana fara'a.

"Ku tsaya, ku tsaya! Muna ta musu ga mai abin a zaune. Yaya, kai da ka je ka gani da idonka, raba mana gardama. Haka ake yi? In aka matsa, ana faɗa?"

Hannun yayana yana cikin kwano. Na buɗe baki in tare maganar, amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita, kuma kowa ya juyo yana jiran hukunci. Yayana bai ɗago ba.

Ya ce, "Ana faɗa."

Mai napep ya ce, "Kowa da kowa, Yaya?"

"Kowa."

Mai kemis ya buga cinya. "Kun ji ko! Gani ya kori ji. Na gaya muku, in aka matsa, gaskiya sai ta fito."

Baba ba ya kallon fim, kunnensa ma ya yi nauyi, bai san wainar da ake toyawa ba. Ya laluba cikin miya ya samo tsoka, ya turo ta gaban yayana kamar kullum, ya ce, "Ci, tadanyi." Yayana ya zuba wa tsokar ido. Sai ya janye hannunsa, ya jawo buta ya wanke, ya yi hamdala, ya miƙe ya shiga gida.

Ban san lokacin da na tashi tsaye ba. Na ce wa mai kemis wace gaskiya? Mutumin da aka tsare shekaru aka ce ba shi da laifi, wace gaskiya ce a cikinsa da za ta fito? Na ce masa kai da ka ga yaƙin a talabijin ɗin surukanka, yau kai ne mai koya mana yadda ake kama mutane? Na ce wa malam larurar da yake magana, hannun wa ya taɓa gani an shimfiɗa a tebur? Na ce wa tela ko rijiya ce mutum ya faɗa aka ciro shi, ai ba ka kira shi gaban jama'a ka ce ya auna maka zurfinta ba. Na faɗi wasu maganganun da ba za su rubutu ba. Mai kemis ya ce, "Daga maganar fim?" Wannan kalma ta fi komai ƙona ni. Baba ya buga sandarsa a ƙasa ya ce ba a tsayuwa a kan abinci, in zauna ko in tafi. Na tafi.

Washegari da hantsi na sami yayana a tsakar gida, ya jiƙa huluna a roba amma bai taɓa su ba. Na zauna na fara ba shi haƙuri a madadin mutanen layi, ina cewa jahilci ne, kada ya sa a ransa, yau da magariba tare za mu fita. Ya bar ni na gama.

Ya ce, "Ƙanena, ai ba ƙarya na yi musu ba. Ana faɗa. Suna suke so, ba sa tsayawa sai ka ba su suna."

Na matso kusa da shi, ya ci gaba.

"Na fara ba su sunan Babanmu, tun da na san yana kabari, ba abin da za su yi masa. Na ba su na kawu. Na bi duk mamatan da na sani a unguwar nan ɗaya bayan ɗaya. Suka aika, aka dawo aka ce matattu nake ba su. To ranar ce aka yi wannan." Ya ɗaga hannunsa na dama. "Suka ce mai rai suke so."

Na ce, "Yaya, bari. Ba sai ka faɗa ba."

"Ɗan Baba ya kawo mini hularsa wanki ana gobe za a kama ni. Shi ya sa sunansa ne ya zo bakina. Bai san komai ba, ƙanena, in ban da shinkafa ba abin da ya sani." Ya dubi robar hulunan. "Kullum uban yana turo mini nama. Na yi ta ci, ina cewa wata rana zai wuce a maƙogwarona kamar abinci. Jiya da suka tambaye ni a gabansa, na ga ba zai wuce ba."

Ban taɓa jin irin fushin da na ji a wannan hantsin ba, kuma ban san inda zan kai shi ba. Ba zan kai shi kan yayana ba, wanda aka farfasa wa yatsu har ya ƙarar da matattu kafin ya taɓa mai rai. Waɗanda suka riƙe gudumar ban san fuskarsu ba. Sai ya koma kan waɗanda suka zauna a ƙasarsu cikin sanyi suka rubuta cewa guduma tana fito da gaskiya, suka sa mata kiɗa, da wanda ya juya ta da harshenmu ya ƙara mata barkwanci, da mu da muka biya kuɗin tura fim ɗin muka zauna muna tafi. Su Turawan a ce ba su sani ba. Mu fa? Kowane gida a layin nan ya san wani da aka faɗi sunansa. Ba wanda ya taɓa zama ya tambayi kansa daga wane baki sunan ya fito, kuma a wane hali bakin yake.

Yayana bai sake fita tabarma ba. Huluna ma ya mayar wa masu su. Tela ya zo har gida ya durƙusa yana rantsuwa shi girmamawa ya yi nufi, na ce na sani, kuma sanin bai rage mini komai ba. Mai kemis har yau gani yake ni ne mai laifi, na ɗaga murya gaban manya a kan wasan kwaikwayo. Fim ɗin kuma bai tsaya ba, an mayar da kallon cikin shago an sakaya ƙofa, ina jiyo dariyarsu in na wuce ranar Asabar. An ce Oga ya samu ƙarin girma.

Baba ne kaɗai ya ɗauki abin da zafi. Da aka yi masa bayanin abin da aka tambayi yayana, ya ce duk wanda ya sake kawo zancen fim kan tabarmarsa ya ɗauki kwanonsa ya koma gida. Ya dawo da sintirinsa na da, kullum kafin magariba yana ƙofar gidanmu da sandarsa.

"Wushe, masu gida. Ka ce wa tadanyi na kori maganar, ba mai sake taɓa shi. Wurinsa yana nan."

In ce, "Zan faɗa masa, Baba."

Da ya ga kwanaki suna tafiya, sai ya sake dabara. Yanzu in an buɗe kwanuka, kafin kowa ya sa hannu, yakan laluba ya ciro tsokar da ta fi kyau, ya sa a murfin kwano, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Kai wa yayanka. Ka ce in ji ubansa."

Ni nake karɓa. Ni nake ratsa layin da murfin a hannuna, mai kemis yana kallona yana tauna. In na shiga gida nakan tsaya a zaure, domin na gwada kai masa sau ɗaya, na ga yadda fuskarsa ta yi, ban ƙara ba. Nakan kira 'yarsa in ba ta ta cinye a nan, in goge murfin, in koma tabarma. Baba ya ɗago ya dube ni da idanunsa da suka fara yin fari.

"Ya ci?"

In ce, "Ya ci, Baba. Ya ce a yi maka godiya."